Littafin aikin kasuwarmu, daga rumfar zana zuwa ta kwano

Laraba, 9 ga Oktoba 2024

Kwamitin kasuwa ya ɗora mini riƙon wannan littafi, wai tunda na yi shekaru ina riƙe alli a lakwal, wato makarantar boko, biro ba zai gagare ni ba. Har yau Mushe ake ce mini, ko da yake yanzu littattafai da alluna nake sayarwa a bakin kasuwa. Garinmu yana kudu da Damagaram, sai ka sauka daga kwaltar Magarya ka kama jar hanya. Laraba muke ci. Ba mu kai Miriya mai cin Lahadi ba, balle kasuwar Dole ta Damagaram mai cin Alhamis, amma ƙauyukan da ke kewaye da mu nan suke kawo hatsi, wake, gujiya, riɗi da bisashe, kuma nan meri, wato ofishin magajin gari, take samun mafi yawan abin da take kashewa.

Ruwan bana bai bar kowa ba. Wanda ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram ranar 3 ga Satumba ba rumfar zana ce za ta tsaya masa ba. Kwarin da ya ratsa tsakiyar kasuwarmu ya faɗaɗa har amalanke ba ta iya tsallakawa, layin ƴan koli ya kwanta gaba ɗaya, mahauta kuma suna yanka a bakin tsamiya kamar a ƙauyen da ba shi da kasuwa. Ko yaran lakwal sai 28 ga wata za su koma.

Maganar gyaran kasuwar ba ta yau ba ce. Konseyenmu da aka zaɓa a Disamban 2020 su suka sa ta cikin tsarin raya komin, wato ƙaramar hukumarmu, suka kaɗa mata ƙuri'a. A watan Afrilun bana gwamnati ta rushe majalisun komin na ƙasar baki ɗaya, aka naɗa kantomomi. Mun ɗauka takardar ta tafi tare da masu ita. Yau sakataren meri ya tsaya a teburina ya ce tana nan, kantoma yana neman mu.

Asabar, 19 ga Oktoba 2024

Mun je meri mu tara: sarkin kasuwa, sarkin pawa, shugaban dillalan kara, wakilin maigari, shugabar mata, ƴan tireda biyu, wakilin masu amalanke da ni. An shimfiɗa mana taswira a kan tebur. Shaguna 20 na bulo a bakin hanya, dogayen rumfuna 4 na kwano, shinge ga kara da madakalin loda bisashe, makewayi mai ɗaki 6, famfo guda. A takarda abin ya yi kyau. Na nemi kwarinmu a cikin taswirar ban gan shi ba. Wanda ya zana ta cikin rani ya zo.

Kafin in buɗe baki shugabar mata ta riga ni. Tsohuwa ce mai daddawa da kuka, ba ta karatu, amma ta sa yatsa daidai inda ruwa yake bi.

"Ranka ya daɗe, nan da kuka sa mana rumfa, nan ne jakin mai itace ya nutse har ciki. Ko ruwan ma an aika masa takarda ya sake hanya?"

Kantoma ya yi dariya ya ce, "Inna, magana ta fito. Amma kuɗin magudana ba ya cikin wannan kashi. Sai na biyu."

Na rubuta "kashi na biyu" na ja masa layi. Duk wanda ya taɓa zama da ma'aikata ya san shekarun da wannan kalma take iya yi a raye.

Ya kuma bayyana mana inda kuɗi suke fitowa, abin da ban taɓa jin an zaunar da ƴan kasuwa an faɗa musu ba. Komin irin tamu hannunta gajere ne: harajin kai, wanda sai an yi ta bin maigari kafin rabinsa ya shigo, tiken kasuwa da na tasha, kuɗin da ake biya kan kowace bisa da aka kawo kara da wadda aka sayar, sai abin da gwamnati take turowa, ciki har da na hukumar ANFICT da aka kafa a 2008 domin tallafa wa komin-komin. Doka ta kuma ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da man fetur ga yankin da ake haƙo su. Shugaban dillalai ya ce shi dai ya san matatar SORAZ tana hanyar Tanut tun 2011, hayaƙinta yake gani idan ya je sayen raƙuma. Aka yi dariya aka wuce. Aikin namu kashi ɗaya daga aljihun komin ne, babban kashin daga wani projen raya karkara.

Laraba, 6 ga Nuwamba 2024

Kaka ta shigo, tiyar hatsi ta sauko. A watan jiya gwamnati ta hana fitar da hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina. Mai saye ya ji daɗi. Manomin wake kuwa, wanda ya saba motocin Kano da Daura su kwashe masa kaya, yana zaune kan buhunsa har la'asar. A watan jiyan ne kuma aka rage kuɗin siminti, wannan kam alheri ne ga aikinmu. An manna sanarwar neman ɗan kwangila a ƙofar meri.

Laraba, 27 ga Nuwamba 2024

Kwangila ta faɗa hannun wani mutumin Damagaram. Ya zo da magina 5 da kafinta mai walda, leburori kuma muka ce lallai ƴan gari. Ya yarda ba gardama, ashe ya san ba shi da kuɗin ciyar da baƙi.

Wahalar yau ita ce tayar da kasuwa. An mayar da mutane filin ƙwallo na bayan lakwal har a gama. Ban san wurin zama yana da nauyi haka ba sai yau. Wani dattijo mai kanwa da gishiri ya ce tun kakansa a gindin wannan bedin suke kasa kaya, Buzun da ya sauko daga Damargu ba ya tambaya, kai tsaye yake zuwa. Idan ya tashi, wa zai gaya wa Buzu? Na ce, "Baba, wata huɗu ne kawai." Ya dube ni ya ce, "Mushe, kai ma ba ka yarda da abin da ka faɗa ba."

Abin da na yi, wanda ba wanda ya sa ni, shi ne na bi layi-layi kafin a tuge ko dirka ɗaya na rubuta sunan kowa, abin da yake sayarwa, da maƙwabcinsa na dama da na hagu. Kwana uku na yi. Masu rumfa 143, masu kasa kaya a ƙasa 210, mafi yawansu mata.

Laraba, 18 ga Disamba 2024

Ranar Jamhuriya ce, ba aiki a meri, amma kasuwa ba ta san hutu ba. An haƙa tushen shaguna, an zuba na rumfa biyu. Na tuna 2018, shekarar Zinder Sabuwa, da bikin ya zagayo Damagaram. Muka cika mota muka je kallon kwalta da fitilu, muka dawo da dare motar ta kafe a rairayin mashigar garinmu, muka tura. Ban ƙi birni ya yi kyau ba. Sai dai buhun da ake saukewa a Dole daga irin kasuwarmu yake tashi.

Alhamis, 16 ga Janairu 2025

Rigimar bulo. Wani magini ɗan garinmu, wanda ba a ɗauka aiki ba (wannan ma ya kamata in faɗa), ya ɗauki bulo ɗaya daga cikin waɗanda aka buga ya sake shi daga daidai ƙirjinsa. Ya watse kamar tsohuwar ƙuli-ƙuli. Ya sake ɗaukar wani, haka. Kafin azahar gari ya ɗauka.

Dalili biyu ne. Ana fitar da bulo daga buhu ɗaya fiye da ƙima, sannan ba a ba shi ruwa yadda ya kamata. Bulon siminti sai an yi ta jiƙa shi safe da yamma kwanaki a jere, ga hunturu yana busar da komai kafin ka juya. Ruwa kuwa a ƙasar Damagaram kowa ya san tsohon ciwo ne, birnin kansa da jarka yake kwana. Mu nan kudu da sauƙi, amma tano-tano ake saye daga masu amalanke, ɗan kwangila kuma ya ga nan ne zai tsuke aljihu.

Ma'aikacin da ke sa ido kan gine-ginen karkara ya zo daga wajen prefe, ya sa aka ware bulo wajen 900 aka ce ba za su hau gini ba. Ɗan kwangila ya ja ni gefe ya ce, "Mushe, ai da kun kira ni mun gama a tsakaninmu." Na ce, "Alhaji, ni ma a ƙarƙashin wannan ginin zan zauna."

Laraba, 12 ga Fabrairu 2025

Wannan ba ya cikin taswira, amma a ganina ya fi bulo.

Tun tasowata mai tike yake bi layi yana karɓar dala goma, dala ashirin. Wani lokaci ya yaga maka takarda, wani lokaci ya ce "na san ka" ya karɓi rabi ya wuce ba takarda. Mai kaya ya ji ya ci riba, mai tike ya ji ya ci riba, meri ta ce kasuwa ba ta kawo komai, mu kuma mu ce meri ba ta yi mana komai. Kowa yana da gaskiya, kowa kuma da hannunsa a ciki, har da ni, don ni ma na sha cin "na san ka".

Proje ya ce ba zai saki kashinsa na gaba ba sai komin ta nuna yadda za ta riƙe wurin bayan an gama. Nan muka samu ƙofa. Muka roƙi abu biyu. Na farko, kowane littafin tike ya zama mai lamba, a ƙirga shi gaban ɗan kwamiti da safe, a ƙirga saura da yamma. Na biyu, a kafa allo a ƙofar kasuwa a riƙa rubuta abin da ya shigo kowace Laraba. Mai karɓar kuɗin meri bai so ba, ya ce asirin ofis ne. Sarkin pawa ya ce, "Malam, kuɗin da aka karɓa a bainar jama'a yaya ya zama asiri da ya shiga akwati?"

Allon tsohon na ajina ne, ni na shafa masa baƙi. Laraba ta farko an rubuta jika 61. Ta biyu jika 88. Yau jika 104, kuma kasuwar ba ta fi ta makon jiya cika ba. Na ga wata mai ƙosai ta riƙe rigar mai tike tana cewa sai ya ba ta takardarta. Masu tiken ba su gaishe ni yanzu. Ban ga laifinsu sosai ba, abin da ake ba su lada bai kai ya kawo ba, shi ya sa muka rubuta wa kantoma a ƙara musu kaso. Idan ba a ƙara ba, allon nan ba zai yi shekara ba.

Litinin, 17 ga Maris 2025

Azumi, ga zafi ya fara. Aiki ya tsaya kwana 12. Ɗan kwangila ya ce ba a biya shi kaso na biyu na kuɗinsa ba, meri ta ce takarda tana hanya. Leburori suna bin sa kuɗin mako uku, ga Salla ta matso. Wata huɗun da na yi wa mai kanwa alkawari sun kusa cika. Ina ratsewa ta bayan layinsa.

Laraba, 23 ga Afrilu 2025

Kuɗi sun fito bayan ƙaramar Salla, an dawo. Rumfuna 4 sun sha kwano, shaguna sun kai linta. Tsayin rumfar ya yi, iska tana ratsawa, na tsaya a ciki da tsakar rana ban ji kwanon ya gasa ni ba. Wannan yabo ne, na ba mai shi.

Sai ga abin da na ji tsoro tun ranar tayar da kasuwa. Rumfuna 4 mutum 120 za su ɗauka, ga shaguna 20, ga sunaye 143 a littafina, ban da na ƙasa. Kafin a ce wani abu, takardun neman shago sun kai 57 a meri, wasu daga mutanen da ban taɓa ganin ƙeyarsu a kasuwar nan ba. Ƴan birni ne masu son su kama su ba da haya. Akwai wanda ya nemi uku da sunan ƴaƴansa, ƙaramin ko yaye ba a yi masa ba.

Mun yi zama biyu a ƙofar maigari, na biyun har bayan isha'i. Wasu suka ce a bar wa mai iya biyan haya, komin kuɗi take nema. Maganar ba banza ba ce, da hayar shago za a sayi fenti a biya mai shara. Wasu suka ce gado gado ne, kowa ya koma inda ubansa ya zauna. Wannan ma ba ta yiwuwa, inda uban wani ya zauna yanzu makewayi ne. Maigari ya saurara har kowa ya gaji, sannan ya ce a karanto littafin Mushe. Na tashi na ce, "Allah ya ja zamaninka," na karanta suna bayan suna da fitilar waya. Ba wanda ya ce an tsallake shi.

Abin da aka tsayar: wanda yake da rumfa ranar da aka tashi shi ne gaba. Kowace sana'a layinta, ƴan koli da ƴan koli, masu hatsi kusa da ƙofar da mota take shiga, a cikin layi kuma ƙuri'a. Shago mutum ɗaya ɗaya, wanda ya ba da nasa haya a ɓoye a karɓe. Mutum 3 da suka rage za a yi musu rumfar zana a gefen gabas kafin kashi na biyu.

Na ƙasa fa? Nan ne ban gamsu ba. Mata 200 da wani abu masu yakuwa, kuɓewa, nono, daddawa da man gujiya, su suka fi kowa biyan tike tunda aka kafa allo, amma taswirar ba ta san da su ba. Shugabarsu ta ce, "Mushe, ɗana, mu ba mu ce a yi mana bene ba. Inuwa da daɓe." An yarda a bar musu tsakiyar fili, kada a ba kowa. Inuwar kuwa sai abin da muka shuka.

Laraba, 28 ga Mayu 2025

Shingen kara ya kammala, madakalin loda bisashe ma. Da can sai an nemi tudu mota ta ja da baya, ana ɗaga sa da igiya ana salati. Yanzu bisa da ƙafarta take hawa. Shinge ƙofa ɗaya gare shi, saboda haka ba akuyar da za ta shiga ba a ƙirga ta ba, dillalai sun yi gunaguni sun haƙura.

Sai dai madakalin ya zo a shekarar da ba motocin kudu. A farkon watan nan an hana fitar da bisashe waje saboda layya ta yi wa mutane sauƙi. Dama tunda Naira ta faɗi masu saye daga Najeriya suka ragu, wanda ya zo ma sai ya yi ta lissafin canji yana girgiza kai. Raguna sun cika kara, balami da uda, mai albashi yana murmushi, makiyayi yana kallon ƙasa. Motocin Yamai da Agadas ne suka ɗan ɗaga kasuwar. Allon yau jika 176, mafi yawa tun da muka fara.

Lahadi, 22 ga Yuni 2025

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka daren Alhamis. Da asuba na je da fitila. Kwari ya bi hanyarsa ta kullum, daidai inda Inna ta sa yatsa, ya kwashe ƙasar gindin rumfa ta uku har tushen ginshiƙi biyu ya fito fili. Ban ji daɗin cewa mun faɗa ba.

Ba mu jira kashi na biyu ba. Maigari ya sa aka yi shela, jiya da yau aka yi gayya. Samari suka haƙa lambatu daga bakin masallaci zuwa tafkin yamma, masu amalanke suka kawo dutse da marmara kyauta, mata suka dama fura. Kantoma ya ba da siminti buhu 30 daga kuɗin tike, ya ce a rubuta a allo, aka rubuta. Maginin nan da ya fasa bulo shi ya ja aikin, bai karɓi ko dala ba. Lambatun ba irin na injiniya ba ne, zai dai kai mu kaka idan Allah ya so.

Laraba, 9 ga Yuli 2025

Yau kasuwa ta koma gidanta, wata bakwai da kwana goma sha biyu bayan tashi. Jiya aka yi karɓar wucin gadi. Ka'idar ita ce a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har shekara, idan abu ya lalace ya gyara kafin a sallame shi. Muka zagaya da takarda: ƙofofin shago 4 ba sa rufuwa, kwanon rumfa ta biyu yana yoyo wuri uku, makewayi ba a sa masa murfin rami ba, famfo an kafa amma ba a haɗa shi da bututu ba. Ya sa hannu, na sa.

Mai kanwa ƙuri'a ta kai shi ƙarshen layi, nesa da bedinsa. Da hantsi na ga wani Buzu yana zagaye da buhu a kafaɗa yana dube-dube, na kama hannunsa na kai shi. Dattijon bai ce mini komai ba, ya dai miƙo mini goro.

Bedi 40 da muka karɓo daga ma'aikatan gandun daji suna bayan meri cikin leda. Asabar za a dasa su a filin mata, kowace bishiya an ba mace biyar su yi mata shinge saboda awaki. Takardar ƙarin ladan masu tike har yanzu tana kan teburin sakatare, Litinin zan koma in tambaya.